Michelangelo: maginin da ya tsaya tsakanin zamuna uku

An haifi Michelangelo Buonarroti ranar 6 ga Maris, 1475, a ƙauyen Caprese na ƙasar Italiya. Duniya ta fi saninsa da sassaƙa marmara da zane, amma tasirinsa a fannin gini bai gaza na waɗannan ba.

Ya tashi a birnin Filorens lokacin da salon Renesans yake tashe, wato zamanin farfaɗo da fasahar Girkawa da Rumawan da. Ƙa'idar maginan wannan salo ita ce daidaito: kowane sashe a bisa awo, dama ta yi daidai da hagu, ginshiƙi kuma ya tsaya a fili yana ɗauke da nauyi.

A 1524 ya soma aikin ɗakin karatu na Laurentian, inda ya saɓa wa ƙa'idar da gangan. Ya cusa ginshiƙai cikin bango, ya yi tagogi na ado waɗanda ba sa shigo da haske, sannan ya tsara matakalar da ta malalo har ta kusa cinye zauren shiga. Irin wannan ne masana suke kira salon Manarizim: a san doka sarai, sannan a murɗa ta don a ba mai kallo mamaki.

Yana da shekara 71 Fafaroma Paul na Uku ya ɗora masa ginin majami'ar Waliyyi Bitrus a Roma, aikin da ya karɓa ba tare da albashi ba. Ya koma ga ainihin tsarin Bramante, wanda ya soma ginin a 1506, ya kuma ƙara wa ginshiƙan kauri don su ɗauki ƙubba. Da tsufa ya cim masa, sai ya sa aka yi samfurin ƙubbar da katako domin na baya su bi. Ya rasu ranar 18 ga Fabrairu, 1564, ba a rufa ta ba. Giacomo della Porta ne ya kammala ta a 1590, bayan ya ɗan ƙara mata tsini.

Maginan salon Barok sun gaji manyan ginshiƙansa da ƙarfin halinsa, suka ƙara lanƙwasa, da ado, da wasa da haske da inuwa, don su girgiza zuciyar mai ibada. Filin da Bernini ya kewaye da ginshiƙai 284 tsakanin 1656 da 1667 yana shimfiɗe ne a gaban majami'ar, ƙubbar Michelangelo tana bisansa.