Alhaji Abubakar Imam, Ɗan Kagara da ya Riƙe Amanar Labari

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Filinmu na tarihin magabata na wannan Juma'a bai yi nisa da gida ba. Idan mutum ya hau mota daga Minna ya bi ta Zungeru da Tegina, zai iske Kagara, hedikwatar ƙaramar hukumar Rafi. Yaranmu da yawa ba su fara jin sunan garin ba sai a 2021, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a makarantar kimiyya ta gwamnati. Allah Ya kiyaye gaba. To a wannan garin ne aka haifi Alhaji Abubakar Imam a shekarar 1911. Yawancinmu mun san shi da littafin Magana Jari Ce da muka karanta a makaranta. Abin da muke so mu duba yau shi ne aikinsa na jarida da yadda ya riƙe shi, don a zamanin nan duk mai waya a aljihu ya zama mai kai labari.

Gidansu gidan malamai ne, kuma baƙi ne kamar mu. Kakanninsa daga ƙasar Barno suka taso, suka sauka ƙasar Nupe, daga baya zuriyar ta gangaro yankin Kontagora. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, ya yi alƙalancin Kagara. A gabansa Abubakar ya fara karatun allo. A wancan lokaci malamai da yawa suna ƙyamar boko, kuma suna da dalilinsu, tunda Turawan da suka ci ƙasa da yaƙi su suka kawo shi. Duk da haka wannan alƙali ya bar 'ya'yansa suka haɗa biyun. Babban ɗansa, Malam Bello Kagara, wanda aka haifa a 1890, ya zama malami a Kwalejin Katsina, daga baya kuma Walin Katsina. Wajen wannan wan nasa aka kai Abubakar yana yaro.

A Katsina ya yi makarantar lardi, sannan ya shiga Kwalejin Katsina a 1927. Wannan kwaleji ita ce ta koma Kaduna, ta sake komawa Zariya, ta zama Barewa. Ita ce ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Imam ya gama a 1932, aka ba shi koyarwa a makarantar Midil ta Katsina.

Yana cikin koyarwa, a 1933, wani Bature mai suna Dokta Rupert East, shugaban ofishin fassara na Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Imam, yana ɗan shekara 22, ya aika da Ruwan Bagaja. Wansa Malam Bello ya aika da Ganɗoki, Tafawa Ɓalewa kuma Shaihu Umar. Kun ga ke nan gida ɗaya na Kagara ya ba da biyu daga cikin littattafan da aka zaɓa aka buga. East ya ga hazaƙar yaron, sai ya roƙi aron sa daga Katsina. A 1936 Imam ya zauna Zariya wajen wata shida yana rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. Ya ɗebo labarai daga ƙasashen Larabawa da Indiya da Turai, ya sa musu rigar Hausa har mai karatu ya ɗauka a ƙofar gidansu abin ya faru.

Daga nan sai babban aikin ya zo. Wajen 1938 jita-jita ta cika ƙasar nan cewa Ingilishi za su miƙa Nijeriya ga Jamus don su lallashi Hitila. Mutane suna jin maganar a tasha da kasuwa, kowa yana ƙara mata gishiri, kuma babu inda talaka zai je ya tabbatar. Wannan yana cikin dalilan da suka sa aka kafa jarida da Hausa. A watan Janairu 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, Imam ne editanta na Hausa na farko, yana aiki tare da East. Kwabo ɗaya ake sayar da ita, lokacin da kwabo goma sha biyu ne sule. Sunan ma kansa alkawari ne ga mai saye, cewa abin da zai samu a ciki ya fi kuɗin da ya biya.

Shekara goma sha biyu ya yi a kan wannan kujera, har 1951. Masu iya karatun boko ba su da yawa a lokacin, don haka mutum ɗaya ke karantawa da ƙarfi a zaure ko gindin bishiya, jama'a suna saurare. Saboda haka Imam ya riƙa rubutu da Hausar da manomi da ɗan kasuwa za su gane a ji ɗaya. Jaridar ta taimaka ƙwarai wajen daidaita rubutun Hausa da muke amfani da shi yau, har da haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. An kuma riƙa haɗawa da shafuka na ajami, don malaman zaure da almajiransu kada a bar su a baya. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a wannan shekarar ta 1939, aka kwashi samarin Arewa zuwa gabashin Afirka da Bama, ta jaridar iyaye suke jin inda yaƙi ya kwana. Kuma ya buɗe fili na wasiƙun masu karatu, inda malamin makaranta ko akawu zai rubuto kukansa a buga kowa ya gani. Wannan baƙon abu ne a ƙasar da talaka bai saba ɗaga murya ba.

Kada mu ɗauka aikin mai sauƙi ne. Jaridar ta hukuma ce, Turawa ke riƙe da ita. A gefe guda ga sarakuna da hukumomin gargajiya waɗanda ba sa son a taɓa su. A ɗaya gefen ga matasa 'yan boko masu ganin editan yana lallaɓawa da yawa. Shi dai hanyarsa ita ce ya faɗi abin da ya tabbatar, cikin ladabi, ga wanda abin ya shafa.

An ga wannan hali a 1943, lokacin da aka gayyaci editocin jaridun Afirka ta Yamma zuwa Ingila ana tsakiyar yaƙi. Dokta Nnamdi Azikiwe yana cikin tawagar, ya tsara takardar neman a sa wa mulkin kai lokaci. Imam bai sa hannu ba. Wasu sun zarge shi a kan haka, kuma har yau masana tarihi suna tattauna wannan matsayi nasa. Amma a wannan tafiyar ce ya gana da Lugga, Baturen da ya ci Arewa da yaƙi ya kafa mulkin En'e. Ya bayyana masa, baki da baki da kuma a rubuce, illolin tsarin da ya bari: yadda ake danne talaka, yadda ba a jin shawarar matasa masu ilimi, da yadda aka bar Arewa a baya wajen karatu. Wato ya ƙi bin abokan tafiya a kan abin da bai gamsu da shi ba, kuma bai ɓoye wa mai iko aibin aikinsa ba. Labarin tafiyar ya rubuta shi a littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya, wanda ya zama cibiyar buga littattafai da jaridu a Arewa.

Siyasa ma ya taɓa ta. Yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa tare da su Dokta Dikko a ƙarshen shekarun 1940, tun tana ƙungiyar al'adu kafin ta zama NPC. A 1951 ya shiga Majalisar Arewa da ta Wakilai a Ikko. Bai daɗe ba ya bar fagen, ya koma harkar littattafai a hukumar NORLA, sannan aka sa shi cikin hukumar ɗaukar ma'aikata ta Jihar Arewa. Kujera ce da mutum zai iya cika ofisoshi da 'yan'uwansa ko ya tara dukiya, amma an san shi da sauƙin rayuwa. Bai manta da karatun gidansu ba. Ya rubuta littattafan addini da Hausa, har da tarihin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya kuma kafa makarantar Nurul Huda a Tudun Wadan Zariya, inda yara ke haɗa karatun addini da na zamani. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na Dokta. Allah Ya yi masa rasuwa a Zariya ranar Juma'a, 19 ga Yuni 1981, yana da shekara 70.

To jama'a, ina ruwanmu da wannan tarihi? Mu 'yan kasuwa mun san hukuncin tauye mudu. Labari ma awo ne, ana tauye shi, ana kuma yi masa algus. A zamanin Imam sai an zauna an tantance kafin a buga. Yau kuwa saƙon murya ɗaya a WhatsApp zai zagaye Kasuwar Kure da Kasuwar Gwari kafin a yi la'asar: an ce an tare hanya kaza, an ce an kashe wane, an ce ƙabila kaza na shirin kai wa ƙabila kaza hari. Wani zai rufe shago ya yi asarar cinikin yini, wata uwa hawan jininta ya tashi, wani yaro ya ɗauki gora. Mu da muke zaune cikin Gwarawa da Nufawa da sauran maƙwabta, tun zamanin da jirgin ƙasa ya kawo kakannin wasunmu garin nan, jarinmu na farko shi ne zaman lafiya. Idan fitina ta tashi, rumfar baƙo ce ke fara cin wuta. Kuma Allah Ya riga Ya umarce mu a Suratul Hujurat, aya ta 6, da mu bincika labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cuci wasu cikin jahilci mu dawo muna nadama.

Saboda haka muna roƙon kowa, musamman masu kula da zaurukan WhatsApp na kasuwa da na unguwa, kafin ka tura saƙo ka tambayi kanka: wa ya faɗa, yaushe abin ya faru, a ina? Idan ba ka da amsa, bar shi ya mutu a wayarka. Idan labarin tsaro ne, kira wanda ke wurin, ko ka sanar da shugabannin kasuwa da mai unguwa. Wannan ba yana nufin mu yi shiru a kan zalunci ba. Imam bai yi shiru ba, sai dai ya tabbatar tukuna, sannan ya kai magana inda za ta yi amfani.

Iyaye kuma, mu tuna da alƙalin Kagara. Da ya riƙe yaransa a gida, da ba mu da wannan tarihi da muke bayarwa. Yaron da ya iya karatu, na allo da na boko, ya fi wuyar ruɗuwa da jita-jita, kuma ko shagon ma ya fi iya riƙe shi. Yaranmu da yawa a Minna suna jin Hausa amma ba sa iya karanta ta. Wanda yake da Magana Jari Ce a gida ya kakkaɓe ta, ya sa yara su riƙa karanta wa iyayensu mata bayan sallar isha'i.

Allah Ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam da iyayensa da malamansa, Ya sa Aljanna ce makomarsu. Allah Ya zaunar da Kagara da Jihar Neja da ƙasarmu lafiya, Ya tsare harsunanmu da yatsunmu daga ƙarya, Ya sa albarka a kasuwancinmu da zuriyarmu. Amin. Juma'a mai albarka.