Sir Thomas Fowell Buxton, Wanda Bai Saki Aikinsa Ba

Ya mai karatu, in kana tsammani kowane aikin kirki yakan ƙare da yabon mutane, sai ka dubi labarin Sir Thomas Fowell Buxton.

An haife shi a Ingila a 1786. Mai dukiya ne da gonaki, amma tsoron Allah ya hana shi zaman jin daɗi. Ya shiga majalisar ƙasa a 1818. A 1820 'ya'yansa huɗu suka mutu cikin makonni kaɗan. Duk da haka, sa'ad da Wilberforce ya tsufa, shi ya karɓi yaƙin 'yanta bayi. Shekara goma yana fama, har aka kafa doka a 1833, wadda ta 'yanta bayi wajen 800,000.

A 1840 aka ba shi sarautar baronet, wadda ɗa yakan gada. Bisa shawararsa aka aiko jirage uku cikin kogin Kwara a 1841, domin noma da ciniki su kashe fataucin bayi. Zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa, saura suka juya, mutane suka yi masa ba'a, ƙarfinsa ya karye, ya rasu a 1845.

Amma cikin matafiyan akwai Schön, wanda ya buga littafin kalmomin Hausa a 1843, da Crowther, wanda dā bawa ne, ya zama bishop a 1864.

Kai fa, kada ka auna aikinka da abin da idonka ya gani, gama mai dasa itace ba lalle ya sha inuwarsa ba.