Labarin Houdry, Wanda Ya Sa Yumɓu Aikin Fetur

Motocin da ke jigilar kayan fatake tsakanin Zango da Daura da Kano fetur suke sha, amma kaɗan ne suka san mutumin da ya kyautata hanyar samunsa. Sunansa Eugène Houdry, Bafaranshe ne, an haife shi a Domont kusa da Faris cikin 1892. Ya koyi aikin injiniya, sa'an nan ya shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya cikin tankar yaƙi, aka yi masa rauni a 1917.

Da aka gama yaƙi, abin da ya dame shi shi ne ƙasarsu ba ta da man da zai ishe ta. Sai ya duƙufa neman fetur daga kwal. Gwamnati ta taimaka aka gina masana'anta a 1929, amma ba ta kai ga riba ba, aka rufe ta a 1930.

To, ashe cikin wannan wahala ya riga ya tsinci abin da ya fi. A 1927 ya gane cewa wani irin yumɓu, in an wanke shi da ruwan asid, cike yake da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, kamar na sabon tulu mai tsattsafo. In tururin mai mai kauri ya ratsa su, sai ya tsattsage ya zama fetur, yumɓun kuwa bai ragu ba. Watau dillali ne, ya ƙulla ciniki, ba ya cin la'ada. Aibinsa ɗaya, baƙin gawayi kan toshe ƙofofin nan da nan. Houdry ya yi dabarar hura masa iska mai zafi, gawayin ya ƙone, a koma aiki.

Ya ƙaura Amurka a 1930. A 1937 kamfanin Sun Oil ya buɗe sabon sashe mai aiki da dabarar Houdry a matatarsa ta Marcus Hook, inda kusan rabin man ya zama fetur, alhali dā rubu'i ake samu. Jiragen saman Ingila sun sha irin wannan mai a yaƙin 1940. Shi kuwa, don ya ƙi gwamnatin Vichy mai bin Jamus, sai ta tuɓe masa zama ɗan ƙasa a 1941.

Daga baya ya ƙera na'urar tsabtace hayaƙin mota, amma dalmar da ake zubawa a fetur ta riƙa kashe ta. Ya rasu a 1962. Sai a 1975 motocin Amurka suka fara ɗaukar irinta.