Marigayiya Dakta Ladi Kwali: Daga Kasuwar Ƙauye Zuwa Zauren Gwanjo

Duk wanda ya juya bayan takardar naira ashirin da aka fitar a shekarar 2007 zai ga hoton wata mata tana aikin ginin tukunya. Wannan mata ita ce marigayiya Dakta Hadiza Ladi Kwali. Da yawa daga cikinmu mun san sunan, amma kaɗan ne suka san yadda aka yi tukwanen da ake sayarwa a kasuwar ƙauye suka zama kayan da masu kuɗi ke tsere a kansu a gidajen gwanjo na Ingila.

An haifi Ladi wajen shekarar 1925 a garin Kwali, ƙasar Gwari, wanda yanzu yake cikin Babban Birnin Tarayya. Sunan nata na Hausa ne, irin wanda ake sa wa yarinyar da aka haifa ranar Lahadi. A wannan yanki ginin tukwane sana'ar mata ce, kuma tun tana ƙarama ta koya a wajen wata gwaggonta. Ba ta yi karatun boko ba. Makarantarta ita ce ramin yumɓu da matoya.

Matan Gwari ba sa amfani da na'ura. Maginiya takan aza curin yumɓu, ta huda tsakiyarsa, ta riƙa jan gefen sama tana kewaya shi da ƙafa, sannan ta riƙa murza yumɓu kamar igiya tana ɗorawa har randar ta kai girman da take so. Idan ta sha iska sai a yi mata zane, a shanya, a tara itace da ciyawa a gasa a fili. Ladi ta fi tsararrakinta a abu biyu. Na farko, randarta takan fito daidai ta kowane gefe kamar an auna da ma'auni. Na biyu kuma zanenta: kadangare, kunama, hawainiya, kada, maciji, kifi da tsuntsaye, kowanne a cikin gidansa, an kewaye shi da layuka masu tsari.

To, mutumin da ya fara ganin cewa waɗannan tukwane sun wuce a zuba musu ruwa kawai shi ne Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Abujar da ake nufi a nan ita ce garin da muke kira Suleja a yau, domin sai bayan 1976 ne sabon birnin tarayya ya karɓi sunan. Sarki Sulaimanu tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina ne, mutum mai son tarihi da al'adun ƙasarsa. Ya sayi tukwanen Ladi da dama ya ajiye a gidansa don ƙawa da kuma nuna wa baƙi.

A shekarar 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki wani Bature mai suna Michael Cardew aikin jami'in kula da ginin tukwane. Cardew sanannen magini ne a Ingila, kuma ya taɓa aiki a ƙasar Gana. Da ya zagaya ƙasar nan yana neman inda za a kafa makarantar koyon sana'ar, sai ya sauka a Abuja, ya ga tukwanen Ladi a gidan Sarki, suka burge shi ƙwarai. Ganin akwai yumɓu mai kyau da ruwa da itace, ga kuma goyon bayan Sarki, sai aka kafa cibiyar a nan, ta fara aiki a 1952. Ɗalibai na farko duk maza ne. A ƙarshen 1954 Ladi ta shiga, ta zama mace ta farko a wurin, daga baya wasu mata irin su Halima Audu da Asibi Ido da Kande Ushafa da Lami Toto suka biyo bayanta.

A cibiyar ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, ta riƙa yin kwanuka da kofuna da butocin shayi. Amma ba ta bar randarta ta gado ba. Ta ci gaba da gina ta da hannu kamar yadda ta koya a Kwali, sai dai da wani yumɓu mai jure wuta. Takan yi zanen da ƙayar beguwa, a shafa wa randar ruwan sheƙi, a gasa ta a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,200.

A nan ne wani abu ya faru wanda ya canja matsayin aikinta baki ɗaya. Kowa ya san randa tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta yana tsattsafo, iska tana bugawa. Randar da aka shafa wa sheƙi kuwa ba ta tsattsafo, don haka ba ta sanyaya ruwa. Ga nauyi, ga tsada, babu matar ƙauye da za ta ɗauke ta zuwa rafi. Wato randar ta rasa aikinta na asali, ta koma abin kallo. Masu sayenta su ma suka canja: Turawa ma'aikata, da manyan ma'aikatan gwamnati, da masu tara kayan fasaha.

Cardew ya shirya baje kolin kayan Abuja a wani zauren nuna kayan fasaha mai suna Berkeley Galleries a birnin Landan a shekarun 1958 da 1959 da 1962, kuma randunan Ladi ne suka fi jan hankalin masu saye. An kuma nuna aikinta a lokacin bikin samun mulkin kai a 1960. Ta je Ingila da Faransa da Jamus tana gini a gaban jama'a, sannan a 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew da wani magini ɗan Gana, Kofi Athey. Malaman jami'o'i da ɗalibansu sukan taru su kalli yadda take tayar da randa babu na'ura, babu ma'auni. A 1974 wata matashiya 'yar Kenya, Magdalene Odundo, ta zo Abuja ta koyi gini a wajenta, kuma a yau tana cikin maginan da suka fi suna a duniya.

Girmamawa ta biyo baya. Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar MBE a farkon shekarun 1960. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977. A 1980 ta sami lambar yabo ta ƙasa da ake ba waɗanda suka yi fice a fagen ilmi da fasaha, a 1981 kuma aka ba ta OON. An sa wa cibiyar Suleja sunanta. Allah ya yi mata rasuwa a Minna ranar 12 ga watan Agusta, 1984.

Bayan rasuwarta darajar aikinta sai ƙaruwa ta yi, domin abin da ta gina ta gina, babu ƙari. Wasu tukwanen suna gidan kayan tarihi na Victoria and Albert a Landan, wasu a Smithsonian da ke Washington, wasu a Jami'ar Aberystwyth ta yankin Wales. Waɗanda suka rage a hannun mutane, musamman iyalan Turawan da suka yi aiki a Arewa, su ne ke fitowa jefi-jefi a gidajen gwanjo irin su Bonhams, inda randa guda takan kai dubban fam. A 2022 an sake nuna aikinta a Landan a wani babban baje koli na mata baƙar fata masu ginin yumɓu.

Yana da kyau mu san yadda wannan ciniki yake tafiya. A zauren baje koli mai zauren ne yake yanka farashi, ya cire ladarsa, ya ba mai aikin sauran. A gwanjo kuwa masu saye ne suke yanke farashi. Gidan gwanjo yakan buga kundi mai hoton kowane kaya da kiyasin kuɗinsa, mai kaya ya faɗi mafi ƙarancin abin da zai sallama, sannan a yi ta tayi har a buga guduma ga wanda ya fi kowa. Mai saye yakan biya ƙarin lada a kan kuɗin da ya taya. Abin da ya fi ɗaga farashi shi ne tabbacin wanda ya yi kayan da kuma hannayen da suka bi. Shi ya sa masu saye suke juya gindin tukunya su nemi haruffan LK da hatimin Abuja, suke kuma tambayar wa ya fara saye, a wace shekara. Yawanci ribar irin wannan gwanjo tana shiga aljihun wanda ya saya ya adana ne, domin mai aikin ya riga ya karɓi nasa tun ranar farko.

Ga mu nan, yawancinmu ma'aikata ne, wasu 'yan kasuwa, wasu malamai. Mukan kashe kuɗi mai yawa wajen ƙawata falo da kayan da aka yi a masana'antun waje, waɗanda darajarsu take faɗuwa tun ranar da aka saye su. Alhali kuwa akwai magina a Ushafa da Suleja, akwai ɗaliban sashen zane-zane na Zariya da ke baje kolin aikinsu a ƙarshen karatu, akwai masaƙa da dukawa da masu sassaƙar ƙwarya a garuruwanmu. Sarki Sulaimanu bai jira wani ya zo daga Landan ya gaya masa cewa aikin Ladi yana da kyau ba. Ya gani da idonsa, ya saya, ya adana, kuma ta dalilin haka duniya ta san ta. Wanda ya sayi irin wannan kaya, ya rubuta sunan mai aikin da garinsa da shekarar, ya ajiye tare da kayan, domin 'ya'yansa su san abin da suka gada. Ita ma ƙungiyarmu tana iya ware wani ɗaki a makaranta inda za a riƙa tara aikin masu fasaha na yankinmu don amfanin ƙannenmu.

Allah ya jiƙan Dakta Ladi Kwali, ya jiƙan Sarki Sulaimanu Barau, amin.