Sam Langford: ɗan damben da zakarun duniya suka ƙi haɗuwa da shi

Masu son damben boksin sun daɗe suna musu kan abu ɗaya, wato ko manyan 'yan damben ajin masu nauyi suna gudun junansu. An yi wannan musu a 1992, lokacin da Riddick Bowe ya jefa ɗamarar WBC cikin kwandon shara maimakon ya kara da Lennox Lewis. An sake yinsa a 2018 da tattaunawar Anthony Joshua da Deontay Wilder ta watse, da kuma a 2023 da Tyson Fury ya zaɓi ya fara karawa da Francis Ngannou ɗan Kamaru kafin ya fuskanci Oleksandr Usyk. Amma a tarihin wasan, da wuya a samu wanda aka guje wa kamar Sam Langford, mutumin da ya shafe shekara 24 yana dambe, ya doke zakaru da dama, kuma ya rasu ba a taɓa ba shi damar neman kambun duniya na masu nauyi ba.

Daga Kanada zuwa Boston

An haifi Langford a ƙauyen Weymouth Falls da ke lardin Nova Scotia a Kanada, ƙauyen da baƙaƙen fata waɗanda suka baro Amurka tun zamanin bauta suka zauna. Ranar haihuwarsa 4 ga Maris ce, amma marubuta sun saɓa kan shekarar, wasu na cewa 1883, wasu 1886. Mahaifiyarsa ta rasu yana yaro, zama da mahaifinsa bai yi daɗi ba, sai ya bar gida ya shiga duniya yana aikin ƙarfi, har ya isa birnin Boston na Amurka.

A can ya samu aikin shara a wani gidan horar da 'yan dambe mai suna Lenox Athletic Club. Mai kula da gidan, Joe Woodman, ya lura da yadda yaron ke kare kansa idan aka sa shi atisaye da manya, sai ya zama manajansa. Langford ya shiga damben kuɗi a 1902.

Shi ba dogo ba ne, tsawonsa bai wuce mita 1.71 ba. Sai dai yana da faɗin kafaɗa da dogayen hannuwa, waɗanda idan ya buɗe su suna kai wa kusan mita 1.88. Wannan ƙira ce ta ba shi damar kai naushi ga waɗanda suka fi shi tsawo nesa ba kusa ba.

A watan Disamba na 1903 ya doke Joe Gans, zakaran duniya na ajin marasa nauyi, a wasa mai turmi 15. Ba a sa kambu a wasan ba, don haka Gans ya tafi da abinsa. A watan Satumba na 1904 ya kara da Joe Walcott a kan kambun ajin da ke sama da wancan, alƙali ya ce an yi kunnen doki, ko da yake 'yan jarida da dama da suka kalli wasan sun ga Langford ne ya ci. Wannan ita ce dama mafi girma da ya taɓa samu ta ɗaukar kambun da duniya ta amince da shi.

Karo ɗaya tak da Jack Johnson

Ranar 26 ga Afrilu, 1906, a garin Chelsea kusa da Boston, Langford ya haɗu da Jack Johnson. Langford na da nauyin kilo 71, Johnson kuma kilo 84. Johnson ya kai shi ƙasa, ya kuma ci wasan ba tare da wata tababa ba, amma ya kasa gamawa da shi har aka cika turmi 15.

Bayan wannan wasa Langford ya ƙara jiki da ƙarfi, har ya kai kilo 80 da ɗoriya. Johnson kuwa ya bi Tommy Burns har Sydney a Ostareliya, ya doke shi ranar 26 ga Disamba, 1908, ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe kambun duniya na masu nauyi. Kafin tafiyarsa ya yi wa ƙungiyar National Sporting Club ta Landan alkawari a rubuce cewa zai dawo ya kara da Langford. Da kambu ya shiga hannunsa sai ya ce kuɗin sun yi kaɗan, ya fasa. A ranar 24 ga Mayu, 1909, sai Iron Hague zakaran Ingila aka sa wa Langford a gaba, shi kuma ya kwantar da shi a turmi na huɗu.

Johnson ya riƙe kambun fiye da shekara shida, bai sake yarda ya shiga fage da Langford ba. Hujjarsa ta kuɗi ce. Burns ya karɓi dala 30,000 a wasan Sydney, shi kuma aka ba shi dala 5,000, don haka ya tsaya kan cewa shi ma sai an ba shi abin da aka ba Burns. Ya kuma yi ta cewa Turawa ba za su biya kuɗi su kalli baƙaƙe biyu suna dambe ba. A wancan lokaci kuɗin na wajen karawa da fararen da ake fatan su ƙwace kambun, kamar wasansa da Jim Jeffries a Reno ranar 4 ga Yuli, 1910, wanda bayansa aka yi tarzomar launin fata a birane da yawa na Amurka.

Akwai gaskiya a wannan hujja, amma ba ita kaɗai ba ce. Masu shirya wasa a Ingila da Faransa da Ostareliya sun yi ta tayin haɗa su, kuma Johnson ya san cewa Langford na 1910 ba yaron da ya doke a 1906 ba ne. Haɗarin ya yi yawa, ladan kuma bai kai yadda yake so ba.

Kwana biyu a Faris

Abin da ya faru a birnin Faris a ƙarshen 1913 ya fito da lamarin fili. Ranar 19 ga Disamba Johnson ya kare kambunsa a karon farko da wani baƙar fata, amma ba Langford ya zaɓa ba, sai Battling Jim Johnson, wanda bai kai Langford ba ko kusa. Wasan bai yi armashi ba, 'yan kallo suka yi ta ihu, zakaran ya ji rauni a hannu, aka tashi kunnen doki bayan turmi 10.

Kashegari, a filin Luna Park na wannan birni, Langford ya doke Joe Jeannette a turmi 20. Hukumomin dambe a Faransa sun ɗauki wasan a matsayin na kambun duniya, saboda ƙin da Johnson ya yi na fuskantar Langford. Amma Amurka da Ingila ba su bi su ba, kuma ba a jima ba maganar ta bi ruwa.

Tun da manyan fararen 'yan dambe da yawa sun ƙi shiga fage da baƙaƙe, kuma zakaran da yake baƙi shi ma ya juya musu baya, sai gwanayen baƙaƙen wancan zamani suka koma dukan junansu domin neman abinci. Langford ya kara da Jeannette sau 14, da Sam McVea sau 15, da Harry Wills fiye da sau 15. Wills ya fi shi ƙuruciya da tsawo, kuma shi ya ci mafi yawan wasanninsu, amma duk da haka Langford ya kwantar da shi sau biyu, a 1914 da 1916. Akwai wani kambu da aka ware wa baƙaƙe kaɗai, wanda Langford ya riƙe sau da dama, sai dai bai kawo kuɗi ko martabar kambun duniya ba.

Cikin fararen da suka yarda suka gwada shi akwai Stanley Ketchel, zakaran matsakaita nauyi, wanda suka yi turmi shida a Philadelphia a watan Afrilu na 1910 ba tare da an bayyana wanda ya ci ba. An sa ran za a sake haɗa su a kan kambu, sai aka harbe Ketchel a watan Oktoban shekarar. A 1911 Langford ya gama da Philadelphia Jack O'Brien, tsohon zakaran duniya, a turmi na biyar.

Ƙofa ta rufe

Jess Willard ya ƙwace kambun daga hannun Johnson a Havana ta ƙasar Kyuba ranar 5 ga Afrilu, 1915, ya kuma bayyana cewa ba zai kara da baƙar fata ba. Jack Dempsey, wanda ya karɓe kambun a 1919, tun a 1916 aka yi masa tayin Langford ya ƙi, lokacin yana tasowa. Daga baya ya amsa a littafin tarihin rayuwarsa cewa Langford ne mutumin da ya ji tsoro, domin ya san zai sha kashi. Harry Wills ma haka ya shafe shekaru yana jiran Dempsey bai samu ba. Sai a 1937, shekara 22 bayan faɗuwar Johnson, aka sake ba wani baƙar fata damar neman kambun, wato Joe Louis, kuma ya ci.

Kafin nan Langford ya riga ya ƙare. A watan Yuni na 1917 Fred Fulton, dogo mai kusan mita biyu, ya ji masa rauni a idon hagu, idon da bai sake gani da shi ba. Da ido ɗaya ya ci gaba da dambe har shekara tara, saboda ba shi da wata sana'a. A haka ya kwantar da Tiger Flowers a turmi na biyu a 1922, mutumin da ya zama zakaran duniya na matsakaita nauyi a 1926. A haka kuma ya ci kambun masu nauyi na ƙasar Meziko a 1923. A shekarunsa na ƙarshe idon daman ma ya dushe, har yakan matsa jikin abokin karawarsa domin ya gane inda yake kafin ya kai naushi. Ya daina dambe a 1926, bayan wasanni wajen 300, fiye da 120 daga ciki ya gama su da bugun kwaf ɗaya.

Daga nan aka daina jin ɗuriyarsa, har wasu suka ɗauka ya mutu. A 1944 wani ɗan jaridar New York Herald Tribune mai suna Al Laney ya bi sawunsa, ya same shi a wani ɗan ɗaki a unguwar Harlem, makaho, ba shi da komai. Labarin da ya rubuta ya sa jama'a suka tara masa kimanin dala 10,000, wanda daga ciki aka riƙa ba shi ɗan abin kashewa kowane wata. Ya rasu ranar 12 ga Janairu, 1956, a wani gidan kula da tsofaffi a Cambridge, kusa da Boston.

Abin da ya bari

Kanada ta sa shi cikin zauren gwarzayen wasanninta a 1955, zauren gwarzayen dambe na duniya kuma ya karɓe shi a 1990, cikin rukunin farko. A 2003 mujallar The Ring ta sa shi na biyu, bayan Joe Louis, a jerin waɗanda suka fi ƙarfin naushi a tarihi.

Rayuwarsa na da abin da za ta ƙara wa musun da ake yi a yau. Ba ƙarya ba ne cewa zakaru na kauce wa wasu abokan karawa, domin Dempsey ya faɗa da bakinsa. Amma ba kullum ne tsoro kaɗai ke jawo haka ba. Zakara da manajansa lissafi suke yi, su auna abin da za a samu da abin da za a iya rasawa, kuma ɗan damben da ya fi shan wahala shi ne mai haɗari wanda ba ya kawo kuɗi da yawa. A zamanin Langford launin fata ne ya rage masa farashi. A yau rabon kuɗi da kwangilolin gidajen talabijin da ƙungiyoyi huɗu masu ba da ɗamara ne ke raba manya, shi ya sa bayan Lewis a 1999 aka jira har watan Mayu na 2024 kafin Usyk ya haɗa kambunan duka a Riyad, inda kuɗin Saudiyya suka sa wasan ya yiwu.

Sai dai ɗan damben da aka guje wa a yau yakan koma gida da miliyoyinsa, yana kuma iya neman ɗamarar wata ƙungiyar. A lokacin Langford kambu ɗaya ne, mai riƙe da shi ne ke zaɓar wanda zai fuskanta, kuma daga 1908 har Langford ya ajiye dambe babu zakaran da ya zaɓe shi.