Al-Khawarizmi, malamin da sunansa ya shige cikin kowace kwamfuta

Matasanmu da ke son koyon rubuta manhaja da gina shafukan intanet tambayarsu ɗaya ce: daga ina zan fara? Wani ya ce Python, wani ya ce JavaScript, wani ya ce sai ka sayi kwamfuta mai tsada tukuna. Yaro ya tara kuɗin da ya sha wuya kafin ya samu, ya biya kwas, bayan wata biyu ya watsar don kansa ya ɗaure. Ni kuwa in an tambaye ni, nakan fara da labarin wani malami da ya rasu fiye da shekara 1,100 da suka wuce.

Sunansa Muhammad ɗan Musa al-Khawarizmi. An haife shi wajen shekarar 780, ana kuma danganta shi da Khawarizm, yankin da ke kudu da tafkin Aral, inda a yau ƙasashen Uzbekistan da Turkmenistan suke. A Bagadaza ya yi aikinsa, a Baitul Hikma, zamanin Halifa Ma'amun wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833. Ya tsara jadawalin tafiyar rana da wata da taurari, ya kuma rubuta littafin taswirar duniya mai ɗauke da matsayin wurare sama da 2,000. Amma littattafai biyu ne suka ɗaukaka shi.

Na farko shi ne na Jabru da Muƙabala, wanda ya rubuta wajen 820, daga nan ne kalmar aljabara ta fito. Jabru a Larabci ɗori ne, irin na karaya: abin da aka ɗebe a ɓangare ɗaya na lissafi sai a mayar da shi ta hanyar ƙara wa ɓangarorin biyu. Muƙabala kuwa ita ce soke abin da ya zo iri ɗaya a dama da hagu. Ba don masu gardamar ilimi ya rubuta shi ba, don alƙalai ne da 'yan kasuwa da masu awon gona da masu haƙa magudanar ruwa. Kaso mai yawa na littafin ma kan rabon gado da wasiyya yake.

Abin da ya fi burge ni shi ne babu alamar lissafi ko ɗaya a ciki, komai da kalmomi ya bayyana, mataki bayan mataki. Ga sanannen misalinsa, a bakina: ana neman wata lamba da in ka ninka ta da kanta, ka ƙara ninkinta goma, za ka sami 39. Raba goma biyu, ka sami 5. Ninka 5 da kanta, 25. Haɗa da 39, 64. Nemi lambar da in an ninka ta da kanta take ba da 64, wato 8. Cire 5 ɗin nan, saura 3. Gwada ka gani: 9 da 30, ai 39 ke nan. To ka canza lambobin yadda ka ga dama, matakan nan ba za su canza ba, kuma ko wanda bai san dalilinsu ba zai kai ga amsa in ya bi su daidai. Ya kasa irin waɗannan matsaloli gida shida, kowanne da hanyarsa: ka fara duba wane iri ne a gabanka, sannan ka bi tasa hanyar. Wallahi aikin mai rubuta manhaja ke nan, domin kwamfuta ita ce ɗalibin da ba ya fahimtar komai amma ba ya tsallake mataki.

Shi ya sa nake cewa mafari shi ne takarda da biro. Ɗauki abin da ka sani tun a makarantar Islamiyya: matar mamaci tana da ɗaya bisa takwas in ya bar ɗa ko 'ya, in bai bari ba tana da ɗaya bisa huɗu. Wannan “in kaza, to kaza” shi ne ƙashin bayan kowane harshen kwamfuta. Rubuta matakan da Hausa har ƙaninka ya iya bi ba tare da ya tambaye ka komai ba, sannan ka mayar da su Python. Mai son shafin intanet kuma ya fara da HTML, wanda ke tsara abin da ke kan shafi, sai CSS na launi da fasali, sai JavaScript mai sa shafin ya amsa in an taɓa shi. Darussan freeCodeCamp da CS50 na Jami'ar Harvard kyauta ne, tsohuwar kwamfuta ma ta isa. Harshe ɗaya dai za ka riƙe har ka gina wani abu da shi, ban da tsalle-tsalle.

Littafinsa na biyu, na wajen 825, kan lissafi da lambobin Indiya ne: alamomi tara da ɗan da'irar da ke riƙe gurbin da babu komai, wato sifiri. Asalin Larabcin ya ɓace, fassarar Latin ta ƙarni na 12 ce ta tsira. A cikinta sunansa ya koma Algoritmi a bakin Turawa, a hankali kalmar ta zama sunan duk wani tsarin matakai na warware matsala. Algoridim ɗin da ke zaɓa maka abin da za ka gani a Facebook da TikTok, sunan malam ne fa aka lanƙwasa. Littafin aljabara kuwa Robert na Chester ya fassara shi zuwa Latin a Sifaniya a 1145.

Al-Khawarizmi ya rasu wajen 850. A 1979 masana kwamfuta, cikinsu har da Donald Knuth na Amurka, sun yi taro kan algoridim a birnin Urgench na yankin Khawarizm don girmama shi. A 1983 Tarayyar Sobiyat ta buga kan sarki na cikarsa shekara 1,200 da haihuwa, kuma fuskar nan mai rawani da ake yaɗawa a intanet a matsayin hotonsa daga wannan kan sarkin aka ɗauko ta, mai zane ne ya ƙago ta.