Gimbiya Rut, Mai Riƙon Amanar Ƙasa

Yau za mu haye ruwa zuwa tsibiran Hawai, can tsakiyar Tekun Pasifik, mu ji labarin Gimbiya Rut Ke'elikolani, wadda aka haifa cikin 1826 a gidan sarautar Kamehameha.

Ba za ki gane ta ba sai kin san yadda mutanenta suka ɗauki ƙasa. A wurinsu ƙasa uwa ce. Sunan da suke kiranta ma, wato aina, ma'anarsa mai ciyarwa. Ba a sayenta, ba a sayarwa, sarki kansa riƙo yake yi. Akan yanka ta daga kan dutse har bakin teku, don mutanen kowane yanki su sami itace, da ruwan noman gwaza, da kifi.

Ana nan sai Turawa suka matsa. Cikin 1848 Sarki Kamehameha na Uku ya raba ƙasar, aka shiga ba da takardun mallaka. Cikin 1850 aka yarda baƙi su saya. Abin da talakawa suka samu bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Gimbiya Rut kuwa ta riƙe al'adar iyayenta gam. Tana jin Turanci, amma ba ta yinsa, duk Baturen da ke son magana da ita sai ya nemo tafinta. Ga gidan bene gare ta a Kailua, amma ta fi son kwana a ɗakin ciyawa. Ta yi gwamnan babban tsibirin daga 1855 zuwa 1874. Allah bai bar mata ɗa ko ɗaya ba, duk sun riga ta. Gadon danginta ya yi ta taruwa hannunta har ya kai eka 353,000.

Da ta rasu cikin 1883, yawancin ƙasar ya koma ga 'yar'uwarta, Gimbiya Pauahi. Ita kuma, kafin rasuwarta cikin 1884, ta yi wasiyya a yi makarantu da abin da ƙasar ke kawowa. Aka buɗe ta maza cikin 1887, ta mata cikin 1894. Har gobe 'ya'yan Hawai suna karatu a makarantun nan na Kamehameha.

To, uwargida, in gonar gado ta faɗo hannunki, kafin ki aika a kira dillali, ki tuna akwai waɗanda ba a haifa ba tukuna, su ma za su ci daga cikinta.

Sai mako mai zuwa.